Bayan Littafin Farko: Hanyoyin Ƙara Gogewa a Rubutun Ƙagaggen Labari

A Kano da kewayenta akwai marubuta masu yawa da suka wuce matakin koyo amma ba su kai ga ƙwarewa ba. Wani ya fitar da littafi biyu ko uku. Wata ta shekara biyar tana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, masu karatu na biyan kuɗi kafin su shiga zaurenta. Wani kuma ma'aikaci ne a Sakatariyar Audu Bako ko ɗan kasuwa a Kantin Kwari, wanda ba ya samun sukunin ɗaukar alƙalami sai bayan sallar isha'i. Hannunsu ya riga ya faɗa, sai dai littafi na huɗu yakan fito da kamannin na farko: taurarin su ne, rikicin shi ne, ƙarshen ma mai karatu ya hango shi tun daga shafi na goma. A nan ne da yawa ke tsayawa, masu karatu su janye a hankali, marubuci ya ɗora laifin a kan tsadar takarda ko mutuwar kasuwar littafi. Wannan maƙala ta tattaro muhimman sassan da marubuci mai ɗan gogewa zai duba a aikinsa, tare da misalai daga tarihin ƙagaggun labaran Hausa.

Inda aka faro

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne da gasa da kuma gyara. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan zamani ne kuma aka samu Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Imam bai tsaya a kan nasarar littafinsa na farko ba. A 1936 aka ɗauko shi daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Zariya, ya zauna watanni yana karanta labaran Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummomi, yana rubutu ana dubawa, har aka samu Magana Jari Ce, littafi uku da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Duk wanda ya jera Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce zai ga tazarar da karatu da gyara suka haifar cikin 'yan shekaru.

Gasar kamfanin NNPC na Zariya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980. Ta Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya kuma ta fito da irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982. Daga tsakiyar shekarun 1980, da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Wannan ne ya haifar da abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, sunan da aka daɗe ana muhawara a kansa a jaridu, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa marubutan. Wannan zamani ya buɗe ƙofa ga ɗaruruwan marubuta, musamman mata, amma ya zo da gibi guda: babu edita tsakanin marubuci da maɗaba'a. Gibin yana nan har yau, ya ma ƙara faɗi da aka koma waya. Saboda haka aikin da East ya yi wa Imam, yanzu marubuci ne zai nemo wa kansa.

Jigo da labari

Manazarta suna kiran saƙon da littafi ya ƙunsa jigo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne marubuci ya ɗauki jigo a matsayin labari. Auren dole jigo ne, kishi jigo ne, cin amana jigo ne, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai riƙe mai karatu sai an ɗora shi a kan wani mutum takamaimai da ke son wani abu, aka kuma tare masa hanya.

Littattafai da yawa sun taɓo auren dole, amma Wa Zai Auri Jahila na Balaraba Ramat Yakubu ya zauna a zukatan mutane saboda Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta, aka aurar ga Sarkin Noma, ta gudu, ta nemi ilimi da ƙarfin kanta. Mai karatu Abu yake bi, saƙon kuma ya iske shi a hanya. Kafin marubuci ya fara babi na ɗaya, ya gwada faɗin labarinsa cikin jimla biyu da suka ƙunshi wane ne, me yake nema, me ya hana shi, me kuma zai rasa idan ya kasa. Idan jimlolin suka ƙi haɗuwa, labarin bai nuna ba tukuna.

Wa'azi a bakin marubuci shi ma rauni ne. Idan aka tsayar da labari aka shiga shafi uku na nasiha, ana nuna cewa abin da ya faru da taurarin bai isar da saƙon ba. Gyaran yana cikin labarin, a ƙarfafa sakamakon da aikin kowane tauraro ya jawo masa.

Taurari

Tauraruwar da ta haɗa kyau da ilimi da haƙuri da tarbiyya, ba ta taɓa kuskure ba, ba ta da abin da za ta koya, don haka labarinta ba shi da inda zai nufa. Haka kishiyar da aka halitta don mugunta kawai. Mai karatu ya san mutane, yana zaune da su a gida da kasuwa, ya san cewa mai kirki yakan yi rowa, mugu kuma yakan ji ƙan 'ya'yansa.

Jiki Magayi ya nuna wannan tun shekarun 1930. Abubakar shi aka zalunta, domin mai kuɗi ne ya raba shi da Zainab. Amma ramuwar da ya fita nema ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ta kuma cinye rayuwar shi mai ramuwar. Mai karatu yana tausaya masa yana kuma tsoron abin da ya zama. A Alhaki Kuykuyo Ne, Rabi ba ta zauna kuka ba bayan Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar abinci, kuma ta wannan aiki ne aka san ko wace ce ita.

Akwai tambayoyin da ke taimakawa wajen gina tauraro. Da me yake ci? Wa yake jin nauyi? Wane abu ne yake ɓoyewa ko ga amininsa? Wace ƙarya yake yi wa kansa? Ba dole amsoshin su shiga littafi ba, amma marubucin da ya san su ba zai sa tauraronsa ya aikata abin da bai dace da halinsa ba don kawai labari ya ci gaba. Ƙananan taurari ma suna da haƙƙi. Ƙawar amarya da direban Alhaji da mai aikin gida kowannensu yana da buƙatarsa, kuma sau da yawa daga buƙatar ƙaramin tauraro ne babban rikici ke tasowa.

Zubi da tsari

Zubi shi ne yadda aka jera al'amura, kuma ƙa'idarsa ita ce kowane abu ya haifi na gaba da shi. Idan za a iya cire babi ɗungurungum ba tare da wani abu ya canza ba, babin kaya ne aka ɗora wa labari. Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce marubuci ya rubuta jimla ɗaya a kan kowane babi, ya haɗa su da "saboda haka". Duk inda ya ga dole sai "daga nan kuma" ce za ta shiga, to akwai sako-sako a wurin.

Kasuwa ta yi tasiri a zubin littattafan Hausa. Al'adar raba labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku ta samo asali ne daga tsadar ɗab'i: a sayar da na farko a buga na biyu da kuɗinsa. Ta koya wa marubuta dabarar tsayawa a inda mai karatu zai ƙagu, wadda dabara ce mai kyau. Ta kuma koya musu jan labari, wanda shi ne illarta. Sakin labari kullum a waya ya ƙara wannan illa, domin marubuciya tana rubuta shafin yau ba ta san ƙarshen labarin ba, wani lokaci ma ra'ayin masu karatu ne ke juya akalarsa. Mafita ita ce a kammala tsarin labari tun daga farko har ƙarshe kafin a saki shafi na ɗaya, ko da rubutun zai zo daga baya.

Sai batun haɗuwar sa'a. Hatsarin mota da ya kawar da kishiya a daidai lokacin da ake buƙata, ko gadon da ya faɗo daga wani kawu da ba a taɓa ambata ba, hanyoyi ne na gudun wahalar warware ƙulli. Sa'a tana iya jefa tauraro cikin matsala, mai karatu zai yarda. Fitar da shi kuwa sai da abin da aka riga aka shuka. Marubucin Rasha Anton Chekhov ya shahara da shawarar cewa bindigar da aka nuna a farkon wasa dole ta tashi kafin a gama. Haka nan wadda za ta tashi a ƙarshe, wajibi ne a nuna ta tun da wuri.

Wa ke ba da labarin?

Manazartan Hausa sun bambanta salon cikin fage, inda mai ba da labari yana cikin abin da ke faruwa yana cewa "na je, na gani", da salon bayan fage, inda yake gefe yana cewa "ya je, ta gani". Kowanne yana da riba da iyaka. Shaihu Umar da bakinsa yake ba almajiransa tarihinsa, wannan ya sa labarin sata da bauta da tafiyar hamada ya zo da natsuwar dattijon da ya riga ya haye. A Magana Jari Ce kuwa aku ne ke jero labarai don ya hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita, saboda haka kowane labari yana da aiki biyu: yana nishaɗantarwa, yana kuma jinkirta wani haɗari.

Iyakar salon cikin fage ita ce mai magana ba zai san abin da aka ƙulla a bayan idonsa ba sai an gaya masa. Marubuta da yawa suna fara littafi da "ni", sai a tsakiya a tsinci mai ba da labarin yana bayyana abin da ke zuciyar kishiyarta a wani gari. A salon bayan fage kuma, matsalar ita ce tsalle daga zuciyar wannan zuwa ta wancan a cikin sakin layi ɗaya. Abin da ya fi shi ne a riƙe idon mutum ɗaya a kowace fitowa. Akwai kuma al'adar marubuci ya tsoma kansa yana cewa ya leƙa ɗaki ya ga kaza, ko ya bi su a baya don ya ɗauko wa masu karatu rahoto. Tana da daɗi a wurin raha, amma a labari mai nauyi tana tuna wa mai karatu cewa ƙirƙira ce ake yi a daidai lokacin da ya kamata ya manta.

Muhalli

Labarai da yawa suna faruwa a "wani katafaren gida" da ke "wata unguwa ta masu hannu da shuni", ko kuma a Dubai da Landan da marubucin bai taɓa takawa ba. Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, ya sanya wa littattafansa uku mafi shahara sunayen titunan tsohon birnin Alƙahira, kuma daga waɗannan lunguna ne duniya ta karanta shi.

Marubucin da ke zaune a Ƙaramar Hukumar Tarauni yana da abin da ya ishe shi. Tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Babban Giji da Unguwa Uku akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda 'yan jinya daga ƙauyuka da jihohin maƙwabta ke kwana suna jiran sakamako. Akwai kasuwar waya ta Farm Centre da yaran da ke koyon gyara. Akwai tashar Unguwa Uku da masu sauka Kano karon farko, ga kuma titin Gidan Zu da ofisoshin 'yan fim a kusa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da harshensa da lokutansa da irin rigimarsa.

Siffanta wuri ba ya nufin lissafa kayan ɗaki. A zaɓi abu ɗaya ko biyu da tauraron zai lura da su saboda halin da yake ciki. Wanda ya fito daga asibiti da takardar magani da ba shi da kuɗinta, abin da zai gani a titin Zariya shi ne yawan shagunan magani da ke jere. Wadda ke jiran saurayi a wannan titi kuwa, 'yan adaidaita sahu take ƙirgawa. Wuri ɗaya ne, amma ido ya bambanta, kuma ta haka muhalli ke bayyana hali.

Zance tsakanin taurari

Bahaushe ba ya faɗin abin da ke ransa kai-tsaye, musamman a gaban wanda yake jin nauyi. Kunya da kara da alkunya suna cikin maganarsa. Matar fari ba ta kiran sunan mijinta, uwa takan kauce wa sunan ɗanta na fari, suruki da suruka suna magana a kaikaice. Marubucin da ya sa yarinya ta tsaya gaban mahaifinta tana zayyana masa yadda take ji a zuciyarta kamar a fassarar fim ɗin Indiya, ya bar gida ya tafi aro.

A duba wannan misali. Miji ya shigo da niyyar sanar da ƙarin aure. A rubutu mai rauni zai ce ya yanke shawarar ƙara aure, ita kuma ta ce ya ci amanarta. A rubutu mai ƙarfi yana iya cewa, "Ɗakin nan na waje, ina ganin za a sa masa fenti." Ita kuma, ba tare da ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Wane launi take so?" Ba a ambaci aure ba, amma an gama magana, an kuma san irin matar da ake da ita.

Kowane tauraro ya kamata a gane shi daga bakinsa. Dillaliya da malamin Islamiyya da ɗan kasuwar Singa da ɗalibar jami'a ba su magana iri ɗaya. Basakkwace da Bakano da Bakatsine ma haka, sai dai karin harshe ɗan kaɗan ake sawa, kamar gishiri. Gaisuwa kuma a taƙaita ta. A rayuwa tana ɗaukar minti biyu, a takarda layi ɗaya ya isa, sai fa idan a cikin gaisuwar ne ake nuna cewa akwai tsami tsakanin mutanen biyu.

Harshe da ƙa'idojin rubutu

Karin magana ado ne, amma idan aka jera uku a sakin layi ɗaya sai su danne juna. Wadda ta fi amfani ita ce wadda ta fito daga bakin tauraron da ya dace da ita, a lokacin da ta ƙara wa zancen ma'ana. Haka kwatance: idanu kamar madara da hanci kamar biro sun gaji da aiki. Gara a nemo abu ɗaya da ya keɓanta da mutumin, kamar yadda take gyara mayafi idan za ta yi ƙarya.

Cusa Ingilishi a inda Hausa ke da kalma yana rage masu karatu, yana kuma sa littafi saurin tsufa. Idan tauraron ɗan boko ne mai surka harshe, a bar shi ya surka a cikin zancensa, amma bayanin marubuci ya tsaya a Hausa.

Ƙa'idojin rubutu ba ƙawa ba ne, ma'ana ce ke rataye a kansu. An daɗe ana aikin daidaita su, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta shekarun 1950 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Rashin lanƙwasa yana mai da ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki, ɓari ya koma bari. Haɗe kalmomi ma haka: "ya yi" daban da "yayi", "ga shi" daban da "gashi", "ta fi" daban da "tafi". Ana rubuta "shi ne" da "ita ce" da "ya ce" da "za ta" a rabe, "yana" da "suke" da "saboda" a haɗe. Wayoyin zamani suna da allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, don haka uzurin na'ura ya ƙare. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, da tsohon ƙamusun Bargery na 1934, abokan aiki ne da bai kamata teburin marubuci ya rasa ɗayansu ba.

Bincike

Ƙagaggen labari ƙirƙira ne, amma duniyar da yake ciki ta gaske ce, kuma cikin masu karatu akwai likita da lauya da malami. Idan labari ya taɓo mutuwar miji, takaba wata huɗu da kwana goma ce, mai ciki kuma iddarta haihuwa. Idan ya taɓo gado, matar mamaci tana da tumuni idan ya bar 'ya'ya, rubu'i idan bai bari ba, kuma idan matan sun fi ɗaya wannan kason suke rabawa. Idan ya shiga kotu, majistare ba shi da hurumin yanke hukuncin kisa. Kuskure ɗaya a irin waɗannan yana zubar da amincewar da aka gina a shafi ɗari.

Binciken bai da tsada. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, yini ɗaya a benci zai koya wa marubuci abin da finafinai goma ba su koya masa ba. Ma'aikaciyar jinya ko ɗan kasuwa ko tsohon ɗan sanda yawanci suna jin daɗin a tambaye su game da aikinsu. Sharaɗin kawai shi ne kada a kwashe sirrin mutum na gaske a zuba a littafi yadda za a gane shi.

Bita da gyara

Rubutun farko na marubuci ne, na biyu da na uku su ne na mai karatu. Idan an kammala, a ajiye aikin makonni kafin a koma masa, domin idon da ya saba da shafi ba ya ganin aibinsa. Bita ta farko ta zubi ce: a cire babin da ba ya aiki, a gyara inda dalili ya yanke. Ta biyu ta taurari da zance ce. Ta ƙarshe ita ce ta kalmomi da ƙa'ida. Wanda ya fara da gyaran waƙafi yakan ji ƙyashin yanke shafin da ya sha wahalar gogewa.

Karatu da murya yana da muhimmanci na musamman ga Hausa, domin da yawa daga cikin littattafan nan da kunne ake shan su, a gidajen rediyo da kuma YouTube. Duk jimlar da numfashi ya yanke kafin a kai ƙarshenta, ko harshe ya yi tuntuɓe a cikinta, tana buƙatar gyara. Bayan haka a ba mutum biyu ko uku su karanta, waɗanda ba sa jin nauyin marubucin. Tambayar da za a yi musu ita ce a ina suka gaji, a ina suka rikice, wane tauraro ne ba su yarda da shi ba. Idan biyu suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo bai dace ba.

Inda ake gwada kai

Ƙungiyoyin marubuta sun taka rawa tun zamanin Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suka yi fice a cikinta. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, ya daɗe yana shirya zaman karatu inda marubuci ke karanta aikinsa a yi masa sharhi. Amfanin irin wannan zama yana ga wanda ya je da niyyar jin gyara.

Gasa ma makaranta ce. Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta ƙayyade labari tsakanin kalma 1,000 zuwa 1,500. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin Sansani, Maimuna Idris Sani Beli ta biyo baya a 2017 da Bai Kai Zuci Ba, a 2022 kuma Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta yi nasara da Garar Biki. Ga marubucin da ya saba da littafi mai ɗaruruwan shafuka, matse labari cikin kalma 1,500 horo ne da ke tilasta masa sanin abin da ya zama dole da abin da yake ƙari. Cibiyar Gusau da ke Kaduna ita ma tana shirya gasar littattafan Hausa.

Ta fuskar hukuma, mai buga littafi a Kano ya san da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, kuma dangantakarta da marubuta ta yi tsami a 2007 da 2008 kan batun rajista da tace littattafai. Lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta. Duk yarjejeniyar mayar da littafi fim ko karanta shi a wata tasha kuma, a yi ta a rubuce.

Abu na ƙarshe shi ne karatu. Marubucin da ba ya karanta sai littattafan abokansa, abin da suka sani kawai zai sani. A koma ga Imam da Tafawa Ɓalewa, a karanta 'Yartsana na Ibrahim Sheme da Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, a leƙa abin da ake rubutawa da Larabci da Ingilishi ga mai iyawa. A karanta sau ɗaya don jin daɗi, a sake karantawa da fensir a hannu ana tambayar yadda aka yi wannan fitowa ta kama zuciya. Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a kasuwar Kano a 1990, bayan shekara 22 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi. Labarin gidan wani ɗan kasuwar Kano ne da matarsa da 'ya'yansu, irin gidan da kowane marubuci a Tarauni ke wucewa ta ƙofarsa kullum. Abin da ya kai shi nesa shi ne yadda aka gina shi.